Ranar da Na Manna wa Kayan Ammi Sa'idu Jar Takarda

Ko da zan manta da komai na shekarun aikina, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a tsakiyar zafin Jidda ba, ranar da aka fara tura ni duba kaya ni kaɗai. Yanzu ina iya ba da labarin ina kurɓar shayi, har in yi dariya a inda ya kamata. A lokacin kuwa babu abin dariya ko ɗaya, aƙalla a wajena.

Bari in fara bayyana aikin, don a gane girman abin da na yi. Kamfanin da nake yi wa aiki yana haɗa wasu sassa na cikin jirgin sama, irin akwatunan nan na sama da fasinja ke cusa jakarsa da kuma ƙarafan da ke riƙe su. Ba mu ke ƙera komai da komai ba. Akwai ƙananan masana'antu da muke ba su zane su yanka mana ƙarfe yadda zanen ya ce. Aikin sashenmu shi ne mu je mu tabbatar abin da suka yanka ya yi daidai kafin ya shigo mana. A harkar jirgi kowane guntun ƙarfe yana da takardarsa: daga ina aka samo shi, wa ya yanka, wa ya auna, da wane ma'auni. Dalili kuwa a fili yake, idan abu ya kwance a sama babu gefen titi da za a tsaya a ɗaure.

Wata uku na yi ina bin shugabana, Muhandis Khalid (muhandis shi ne injiniya da Larabci), ina riƙe masa jaka ina kallon yadda yake yi. Mutum ne mai ƙarancin magana, yakan shiga masana'anta ya yi tambaya biyu ko uku ya fito ya san komai. Ni kuwa abin da na ɗauka daga wajensa shi ne ɗaure fuska kawai. Ranar da ya ce na isa in je ni kaɗai, ya miƙo mini ma'aunina a cikin akwatinsa, da takardun mannawa iri biyu, kore da ja. Kore na nufin kaya sun yi, a ɗauka. Ja na nufin kada kowa ya taɓa, kuma babu mai cire ta sai da sa hannun shugaba. Masana'antar da aka manna wa ja a kan babban kaya ana iya dakatar da ita daga jerin waɗanda muke sayen kaya a wajensu. (Na sa jajayen a aljihun gaba na rigata, koren kuma a ƙasan jaka. Daga nan ma ai an san inda zuciyata ta karkata.)

Masana'antar da aka tura ni tana can Sina'iyya, unguwar masana'antu, idan ka wuce Waziriyya. Mai ita wani dattijo ne da ake kira Abu Nawwaf, wanda ya fara da yanka ƙarafan mota, ya yi shekaru yana fafutuka kafin a yarda ya taɓa kayan jirgi. Ma'aikatansa ba su wuce talatin ba. Kayan da zan duba sanduna ne na alminiyam guda ɗari biyu, kowace ta kai rabin mita, masu kauri, an jera su a akwatin katako suna ta ƙyalli.

Ina shiga ɗakin awo, wa zan gani? Ammi Sa'idu. Muna ce masa Ammi, wato baffa, don aminin mahaifina ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallacin unguwarmu a Nuzla tun kafin a haife ni. A nan Jidda aka haife shi kamar ni, kakansa ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Haɗeja ya zauna. Na san yana aikin ƙarfe a wani wuri, amma ban taɓa tambayar ina ba. Ashe shi ne mai kula da awo a wajen Abu Nawwaf. Ya miƙe da fara'arsa, ya buɗe hannu, ya ce da Hausa:

"Kai, ɗan gidan Alhaji! Masha Allah, an zama muhandis. Ya ƙafar babanka, ta yi sauƙi?"

Ni kuwa na karanta a littafin horo cewa mai duba kaya ba ya nuna sabo da waɗanda ya je dubawa. Sai na miƙa masa hannu a taƙaice, na amsa da Larabcin ofis: "Ahlan, ya ustaz." Mutumin da ya ci naman sunana, na kira shi ustaz kamar a layin banki muka haɗu. Ya dube ni, ya sauke hannunsa, ya ce, "Tayyib," wato to, shi ke nan.

Safiyar nan na yi ta zagaye ina neman laifi. Gaskiya wurin tsaf yake, kuma hakan ya ɓata mini rai. Na buɗe fayil-fayil, duk takardu sun cika. Na duba ma'aunansu, duk suna da shaidar an gwada su a kan lokaci. Da ƙyar na samu abin rubutawa: na'urar da ke nuna zafin ɗakin awo tana kan ashirin da ɗaya, alhali ƙa'ida ashirin ce. Digiri ɗaya tak, kuma ƙa'idar ma ta yarda da hakan, amma ban bari ya wuce ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki na yi wa Ammi Sa'idu lacca a kan yadda zafi ke sa ƙarfe ya buɗe, musamman alminiyam, da yadda awon da aka yi a cikin zafi ba awo ba ne. Na yi kusan minti goma. Mutumin da ya fara auna ƙarfe tun ina rarrafe ya tsaya yana gyaɗa kai, da na gama ya sake cewa, "Tayyib," ya rage na'urar sanyaya ɗaki. (A riƙe wannan laccar, za a buƙace ta.)

Daga nan na zaɓi sanduna biyar daga cikin akwatin, waɗanda zan auna a madadin sauran. Kowace na sa mata hannu da alƙalamin da ba ya gogewa. Ina shirin fara awo sai aka kira Azahar. Abu Nawwaf ya leƙo ya ce bayan salla akwai abinci a ofishinsa. Na ce a'a, na gode, mai duba kaya ba ya cin abincin wanda yake dubawa. Wannan dai gaskiya ce. Abin da ya biyo baya ne nawa na kaina.

Na dubi sandunan nan biyar a kan tebur, sai wani tunani ya zo mini, wanda a lokacin na ɗauka basira ce: idan na fita na bar su, me zai hana a musanya mini su da waɗanda aka riga aka tantance? (Na manta cewa na sa musu hannu minti biyar da suka wuce.) Sai na kwashe su na rungume, na fita da su. Ammi Sa'idu yana naɗe hannun riga zai yi alwala, ya ga na fita da kaya, ya zaci ofishin Abu Nawwaf zan kai.

Mota na kai su. Motata baƙa ce, kuma a fili na ajiye ta, don inuwar da ke wurin ta manyan motocin ɗaukar kaya ce. Ban sa su a but ba, ban sa su ƙarƙashin kujera ba. Na jera su a gaba, daidai ƙarƙashin gilashi, don in riƙa hango su daga nesa in tabbatar suna nan. Na kulle, na ja mariƙin ƙofa sau biyu, na tafi masallaci ina jin kaina kamar wanda ya toshe wata babbar ɓaraka. Bayan salla na taka zuwa wani gidan abinci na ci shinkafar bukhari, na sha shayi, na zauna cikin sanyi ina tsara yadda rahotona zai kasance. Awa ɗaya da rabi cur.

Duk wanda ya taɓa buɗe mota a Jidda da ƙarfe biyu na rana ya san abin da ya tarbe ni. Na kai hannu zan ɗauki sanda ta farko, na janye da sauri har na bugi madubi. Na hura yatsuna. Na duba bayan mota na ga sallayata, na ɗauko, na naɗe sandunan a ciki, na rungumo su kamar jariri. Ina so mai karatu ya lura: hannuna ya ƙone, na nemi abin riƙewa, na ji zafin yana ratsa sallaya yana taɓa cikina, kuma duk da haka babu abin da ya motsa a kaina. Abin da kawai nake tunani shi ne, alhamdu lillahi, biyar na bari, biyar na tarar.

Na shiga ɗakin awo kai tsaye, na zube su a tebur, na fito da ma'aunina. Zanen ya yarda tsawon sanda ya ƙaru ko ya ragu da kaso ɗaya cikin goma na milimita, abin da bai fi kaurin gashin kai ba sosai. Na auna ta farko ina riƙe da ita da gefen sallaya. Ta wuce da kusan ninki uku. Gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Na auna ta biyu, ita ma haka.

Ammi Sa'idu ya matso, ya kai bayan hannunsa kusa da sandar bai taɓa ba. Ya ce a hankali, da Hausa, don kada Abu Nawwaf da ya shigo ya ji:

"Ɗana, ka bar su su sha iska tukuna."

Na amsa da Larabci, da ƙarfi, don kowa ya ji: "Ustaz, don Allah kada a sa mini baki ina aiki."

"Daga ina ka ɗauko su?"

"Daga inda babu mai iya taɓa su."

Ya buɗe baki zai ƙara, na ɗaga masa hannu. Ni, na ɗaga wa Ammi Sa'idu hannu. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Na ci gaba. Ta uku ta wuce, amma ba kamar ta farko ba. Ta huɗu ta ɗan fi kusa. Ta biyar ta fi su duka kusa, ko da yake ita ma ta wuce. Mai hankali zai tambayi kansa me ya sa lambobin ke sauka a jere. Ni sai na rubuta cewa bayan sun yi tsawo, injin da ya yanka su ma ba ya tsayawa a kan awo ɗaya. Laifi biyu ke nan. Na zaro jar takarda daga aljihu, na cike ta da kyakkyawan rubutu, na fita na manna a akwatin sanduna ɗari biyu, na shafe ta da tafin hannu. Na ɗauki hoto na tura zauren sashenmu na waya, inda mutum goma sha huɗu suke, na rubuta a ƙasa: "Allah ya sa na zo." Sannan na kira Muhandis Khalid.

Ya ce, "Duka biyar ɗin?"

Na ce, "Duka, ya muhandis."

Ya ce, "Abu Nawwaf bai taɓa haka ba. Kada ka motsa, ga ni nan."

Daga ofishinmu zuwa Sina'iyya da cunkoson rana tafiyar kusan awa ce. A cikin awar nan aka kashe injuna, wurin ya yi tsit. Abu Nawwaf ya kira wanda ya yanka sandunan, wani ba-Sudane mai suna Usman, ya yi masa faɗa a gaban mutane. Usman yana ta rantsuwa cewa ya bi zane. Na ji wani yana raɗa cewa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, saura wata biyu, kuma Abu Nawwaf ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa, idan aka rasa aikin jirgi shi za a fara sallama. Na ji, kuma na ce a raina ai haka gaskiya take, ba ta da daɗi. Daga bakin ƙofa na koma cikin ɗakin awo na zauna ina gadin sanduna biyar. Ammi Sa'idu yana kujerarsa. Sau ɗaya Abu Nawwaf ya leƙo ya tambaye shi me ya faru, ya ce masa kawai, "Ka yi haƙuri su iso." Na'urar sanyaya ɗaki tana ta aikinta a kan ashirin daidai, kamar yadda na umarta.

Muhandis Khalid ya shigo, ya gaisa da kowa, ya sumbaci kan Ammi Sa'idu. Ya karɓi ma'aunina, ya ɗauki sanda ta farko da hannunsa tsirara, ya auna. Ya duba zane. Ya sake aunawa. Ya ɗauki ta biyu. Haka ya yi har ta biyar. Sannan ya juyo mini da fuskar ma'aunin. Daidai. Ba ma a bakin iyaka ba, a tsakiya cif.

Da a nan na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ji bakina yana cewa:

"An musanya su."

Abu Nawwaf ya dafe ƙirji. Muhandis Khalid ya juya sandar a hankali ya nuna mini sa hannuna, ya ce, "Wannan rubutun wa?"

"Nawa."

"Ka fita daga ɗakin nan tun da ka auna?"

"Na je na manna takarda na dawo. Minti biyu."

"To a minti biyu suka koyi sa hannunka?"

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi. Sai Ammi Sa'idu ya yi gyaran murya. Har a lokacin yana neman ya rufa mini asiri, don da Hausa ya yi magana, harshen da ni da shi kaɗai muke ji a ɗakin. Ya nuna sallayata da ke yashe a gefen tebur, ya ce:

"Ɗana, wannan da ka naɗo su a ciki, me ya sa?"

Na ce, "Ai zafi ne da su, ba a iya..."

Ban ƙarasa ba. Laccar safe ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da muryata, har da yadda na riƙa ɗaga yatsa.

Muhandis Khalid ya dubi Ammi, ya dube ni, ya ce, "Me ya ce?"

Ammi Sa'idu ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Wato ni zan fassara. Haka na tsaya a gaban shugabana da Abu Nawwaf da Usman, wanda ya zo bakin ƙofa, na bayyana da Larabci mai kyau cewa na ajiye kayan jirgin sama a gaban baƙar mota, ƙarƙashin gilashi, daga Azahar zuwa ƙarfe biyu, sannan na auna su suna ƙuna.

Muhandis Khalid ya fita. Ta taga na hango shi ya je wajen motata, ya ɗora yatsa ɗaya a kan gilashin, ya janye. Ya dawo ya ce, "Halas," wato shi ke nan. Bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu aka cire jar takardar, ya sa aka ɗebo wasu sanduna goma ya auna da kansa, ya manna kore. Biyar ɗin da na gasa ya ce a ware su, ba za su hau jirgi ba sai an sake gwada su, tunda babu takardar da ta san inda suka yini. Sannan ya juyo gare ni.

"A gaban mutane ka zarge su, a gaban mutane za ka ba su haƙuri. Yalla, maza."

Na fara da Usman. Ya ce babu komai, amma bai kalle ni ba, kuma ban ga laifinsa ba. Abu Nawwaf ya ce Allah ya kyauta, ya juya ya rungumi Usman ya nemi gafararsa shi ma. Da na zo kan Ammi Sa'idu, Larabcin ofis ya gudu ya bar ni. Na rusuna na ce, "Ammi, ka yafe mini."

Ya ce, "Af, ashe kana jin Hausa." Ya dafa kafaɗata. "Tashi. Ka gaida Alhaji. Ka ɗauki sallayarka."

Bai taɓa gaya wa mahaifina ba, har yau. Ni ne dai na yi mako biyu ina salla a wani masallacin idan na je Nuzla.

A zauren waya kuwa, hoton nan da "Allah ya sa na zo" suna nan, don lokacin gogewa ya wuce. Wani abokin aiki ya amsa da "Amin" kawai.

Na zaci an gama, ashe da saura. Kowace jar takarda tana da lamba, kuma ba a rufe lambar sai an rubuta rahoton da ya gano tushen matsalar. Muhandis Khalid ya ce, "Kai ka buɗe, kai za ka rufe." Tsarin rahoton shi ne ka yi ta tambayar "me ya sa" har sau biyar, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba. Na zauna na cike. Me ya sa awo ya wuce? Saboda kayan sun yi zafi. Me ya sa suka yi zafi? Saboda sun yini a mota. Me ya sa suka yini a mota? Saboda mai dubawa ya kai su. Me ya sa ya kai su? Don kada a musanya. Me ya sa ya zaci za a musanya? A nan na daɗe. Na rubuta "ƙarancin horo", Muhandis Khalid ya soke ya dawo mini da takardar. Na rubuta "rashin wurin ajiya mai makulli", ya ce wannan gaskiya ne amma ba shi ne tushe ba. A karo na uku na rubuta cewa mai dubawa ya yanke hukunci tun kafin ya buɗe ma'auninsa. Ya karanta, ya sa hannu, ya sa na karanta wa sashen gaba ɗaya ranar Lahadi da safe, farkon makon aiki a nan.

Daga rahoton nan aka ƙara layi biyu a ƙa'idar aikinmu. Na farko, kayan da za a auna su zauna a ɗakin awo har zafinsu ya daidaita da na ɗakin. Na biyu, ba a ajiye kayan awo a cikin mota. Yanzu ni nake karanta wa sababbin ma'aikata ƙa'idar, kuma duk shekara idan na zo layi na biyu sai wani ya yi dariya ya ce, wane irin mutum ne zai yi haka har sai an rubuta? Nakan ce an taɓa samu, in juya shafi.

Abin da na koya bai da yawa. Ƙarfe idan ya ɗauki zafi, ka ajiye shi awa ɗaya ya dawo daidai da kansa. Mai auna shi ne ba a san awa nawa yake buƙata ba, shi ya sa yanzu duk inda na je, nakan zauna in huce tare da kayan.